Sarƙar da Yaya Ya Ɗaure

"Na ce ki daina!"

"Wallahi ba ni ba ce, Yaya."

"In ba ke ba, wa? Akwai wata rediyo a gidan nan bayan ke?"

Rediyo ake kiran autar gidan, domin tun tana ƙarama babu muryar da ta gagare ta. Ta iya tarin maƙwabcinsu. Ta taɓa yin sallamar kawunsu daga bayan ƙofa, har Umma ta jawo mayafi ta shimfiɗa tabarma. Amma abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne ƙarar babur ɗin marigayi Baba, wata kacar-kacar da ke fitowa daga cikin injin kamar an zuba cokula a gwangwani.

Baba bakanike ne, kuma babu babur ɗin da ya bar garejinsa yana wannan ƙara. Sarƙar taimin ce, in ta yi sako-sako take dukan bangon injin. Ya koya wa ɗansa Yaya gyaranta: a bar injin yana ci a hankali, a sassauta notin da ke riƙe ajasta, wato ƙusar da ke matse sarƙar, a juya ƙusar sannu-sannu har ƙara ta ɗauke, sannan a ɗan dawo baya, don sarƙa ma tana son numfashi. Haka yake yi wa na kowa. Nasa kuwa ya bar shi yana kacar-kacar har ya koma ga Allah. Da ciwo ya kwantar da shi, ya damƙa wa Yaya makulli ya ce abu biyu: kada babur ɗin ya bar gidan, kada kuma a taɓa ajastarsa.

Umma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ita dai ta san da wannan ƙara mijinta yake dawowa gida, tun daga kwanar layi take jin ta. Bayan rasuwarsa, kullum in rana ta sunkuya sai ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ajiye abin da take yi, ta jira Yaya ya shigo da ita.

A wannan yammacin kuwa babur ɗin ya shigo shiru, yana wani siririn fito kamar sauro. Yaya ya wanke shi tas, har ya goge tankin da tsumma. Ya ce wai kunya yake ji a titi, yara suna bin sa suna dariya, shi ya sa ya ɗan taɓa shi. Umma ta dube shi ta daɗe. Ta tashi ta shige ɗaki da carbinta.

To, babur ɗin yana jingine a zaure, injin ya huce, makulli yana aljihun Yaya, sai ƙarar ta taso. Kacar-kacar-kacar. Shi ne Yaya ya hau ƙanwarsa da faɗa.

"Dubi bakina," in ji Rediyo. Ta matse leɓɓanta da yatsu.

Ƙarar ba ta tsaya ba. Daga saman rufin kwano take zuwa, tana tafiya a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai neman ƙofa. Kajin da ke shirin hawa katanga suka tsaya cak. Hasken yamma ya yi ja, ya yi toka, inuwar igiyar shanya ta narke a ƙasa. Sai wani abu ya faɗo tsakar gida, tim, ya gangara ya tsaya a gaban ƙafar Yaya. Noti ne. Da ya ɗauka ya yar da sauri, domin da zafinsa, kuma jiƙe yake da baƙin mai.

Daga ranar, duk magariba sai an yi ruwan notoci a gidan. Ba sa samun kowa, a gaban Yaya kawai suke sauka. Tukwane suka koyi karkarwa a kan murhu. Ruwan randa ya fara ɗanɗanon ƙarfe. Yaya ya ce 'yan unguwa ne, ya hau katanga da tocila ya zazzagi iska, ya sauko. Ya ce Rediyo ce ta haɗa baki da ƙawayenta. Har Umma sai da ta kira ta gefe.

"Auta, in ke ce, ki ji tausayina ki bari."

Rediyo ta buɗe baki za ta rantse, sai bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Wannan ne farkon abin. Kowace safiya haƙoranta suna ƙara matsewa, kamar ana juya wata ƙusa a bayan kunnenta. Yarinyar da ba ta iya shiru ko a gidan makoki ta koma magana ta hanci, daga baya ta daina. Da cokalin shayi Umma take ɗura mata ruwa ta gefen baki. Wuyanta ya sanƙare, jijiyoyin suka miƙe kamar waya. In rana ta faɗi kuma, sai haƙoran nan da suka ƙi buɗuwa su fara bugun juna, kacar-kacar-kacar, har gadon yana amsawa.

Yaya ya daina cewa wasa ne. Ya kuma daina cin abinci a gida. Sau biyu wani mutum mai farin takalmi ya zo ƙofar gida, suka yi ƙus-ƙus, mutumin ya leƙa zaure ya tafi.

Da Umma ta ga 'yarta ta fara haɗiyar ruwa da kyar, ta aika aka ɗauko Malam, wani dattijo mai sanyin magana wanda ya daɗe yana wannan aiki. Ya iso ana shirin kiran salla. Ya tsaya a zaure ya dubi babur ɗin, ya dubi Yaya, ya wuce. Bayan an idar, ya sa aka fito da Rediyo tsakar gida aka zaunar da ita a jikin Umma. Ya durƙusa ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Iska ta ɗauke. Ko kukan yaran maƙwabta babu. Karatun ya yi nisa, gumi ya keto wa yarinyar, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, sai bakin ya buɗe da wata ƙara kamar an ɓalle murfin tukunya.

"Uwar yara," in ji bakin. "Kin rame."

Muryar Baba ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana. Umma ta saki salati.

"Ajiye muryar nan," in ji Malam. "Wanda ya tafi ba ya dawowa. Ba taka ba ce, ajiye ta."

Da bakin ya sake motsi, wata murya ce daban, tsohuwa, busasshiya, kamar ana jan sifana a kan siminti.

"Ita kaɗai nake da ita mai daɗi. Shekaru ina sauraronta."

"Wane ne kai? Me ya haɗa ka da yarinya?"

"Ni ɗan haya ne, Malam. Ba ɓarawo ba." Idanun Rediyo a rufe suke, amma fuskarta ta juya wajen zaure. "Ruwan sama ya koro ni, na shiga injin can don ɗumi, na sami wani ɗan lungu bayan sarƙa. Washegari Mai Gida, uban yaran nan, ya zo ɗaure ta, ya murɗa ƙusa, na yi ihu. Da wani ne, da ya gudu. Shi kuwa ya dawo da ƙusar baya, ya ce, ko wane ne, yi haƙuri, zauna, muddin babur ɗin nan yana gidana ba mai matse ka. Ni kuma na riƙe masa sarƙa. Ta daɗe da mutuwa, ta miƙe, haƙoranta sun cinye. Da hannuna nake riƙe da ita tana gudu. Ƙarar da kuke ji, gaɓoɓin yatsuna ne."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai wannan." Yatsan Rediyo ya tashi a hankali ya nuna Yaya, wanda ke manne da bango. "Na ɗauke shi a kan tanki tun bai iya share hanci ba. Ya murɗa, na buga masa, ya ƙara. Na yi kuka, ya ƙara. Bai dawo baya ko kaɗan ba, har sai da ƙusa ta ƙare. Rabin jikina yana can a matse. Yarana suna ciki."

"To me ya sa ka kama wadda ba ta yi maka komai ba?"

"A gidan nan ita kaɗai ta iya yarena. Wa zan gaya wa?"

Malam ya ce zalunci ne duk da haka, kuma dole aljanin ya fita daga jikin yarinyar. Aljanin ya ce a ba shi hannun daman Yaya. Malam ya ɗaga muryar karatu har jikin yarinyar ya fara rawa. Aljanin ya ce to a bar shi a muƙamuƙin yarinyar, ba zai ci wuri ba, da magariba kawai zai riƙa motsi. Malam ya ƙara. Can muryar ta karye.

"Tsaya, tsaya. Zan tafi. Dama na gama da mutane. Abu biyu: wanda ya ɗaure ya kwance da hannunsa in kwashe iyalina. Sannan ya gaya wa uwarsa, da bakinsa, abin da mai farin takalmi zai zo ɗauka gobe."

Umma ta ɗago kai.

Yaya ya dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙofa. Haƙoran ƙanwarsa suka fara haɗuwa kuma, a hankali, ana jin gurzarsu.

"Dillali ne," in ji Yaya da kyar. "Ya ce ba mai sayen babur yana wannan ƙara. Na ɗaure ne kawai ya yi shiru har a gama ciniki. Tafiya nake son yi, Umma. Na gaji da garin nan."

Umma ba ta yi kuka ba. Ta gyara wa Rediyo ɗankwali, ta share mata gumi da gefen zane, kamar ba ita aka yi wa magana ba.

Yaya ya turo babur ɗin tsakar gida. Rediyo ce ta saba riƙe masa tocila, yau Malam ya riƙe. Ya sa sifana ya sassauta notin, har sifanar ta zame ta ɓare masa fata. Ya kafa sukundireba ya fara dawo da ƙusar baya. Duk juyi ɗaya, sai wuyan yarinyar ya ɗan saki. Wani ɗumi ya fito daga injin da ya wuni a kashe, da warin tsohon mai, ya ratsa tsakaninsu ya nufi ƙofa. Labulen zaure ya ɗaga, ya daɗe a sama kamar masu wucewa suna da yawa kuma da kaya, sannan ya sauka.

Rediyo ta yi wata irin atishawa, ta buɗe ido.

"Umma, yunwa nake ji," ta ce, da muryarta ta kanta.

Malam ya yi addu'a ya tafi, bai karɓi ko ruwa ba. Yaya ya tsaya riƙe da sifana, bai san inda zai ajiye ta ba.

"Na mayar da shi yadda yake, Umma. Bari ki ji."

Ya taka kika. Injin ya kama, ya yi tari, sai wani abu ya ce ƙas a ciki, ya mutu. Ya sake takawa, kikar ta tafi fayau, babu abin da ya riƙe ta. Sarƙar ta tsinke.

Umma ta juya ga 'yarta. Murya a hankali, kamar mai jin kunyar roƙo, ta ce, "Auta, yi min ita. Sau ɗaya."

Rediyo ta haɗa haƙora, ta naɗe harshe yadda ta saba yi tun tana ƙarama. Iska ce kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Ta gwada tarin maƙwabci, ya fito daidai. Ta koma kan ƙarar, babu ita. Mai ita ya tafi da abarsa.

Duhu ya gama sauka. Umma ta miƙe, ta naɗe tabarma, ta kai bakin ƙofar ɗakinta inda take zama kullum, ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Da ka sayar ka tafi," ta ce, "in magariba ta yi, me zan zauna ina jira?"

Yaya ya goge hannu a wando. Ya dubi babur ɗin, ya dubi ƙusar bango inda hular kwanon Baba take rataye.

"Ai da zan bar miki hular kwanon."