Wayar da Gwaggo Ta Ce a Fasa

Gwaggo ba ta yi sallama ba sai da ta kai tsakiyar falo. Ta tarar da 'Yar Lele zaune a kan kafet, ta ƙanƙame wayar Amarya, harshe a waje, tana farautar wasu jajayen balan-balan masu gudu a sikirin.

"Sannu da aiki, Amarya," in ji ta, tana jan sannun kamar roba. "Yarinya tana aji uku ba ta iya karanta sunanta ba, ke kuma kin ɗora ta a kan gem. Allah ya saka miki."

'Yar Lele marainiya ce, mahaifiyarta ta rasu. Bara mahaifinta, Mai Firji, ya auro Amarya, kuma Amaryar ce ta fara lura cewa yarinyar ba daƙiƙiya ba ce kamar yadda ake kiranta a gida da makaranta. In ta buɗe littafi haruffa ke yi mata tsalle, wannan ya hau kan wancan. Ta kai ta wurin wata malama mai gwada irin waɗannan yara, aka ce disileksiya ce. Malamar na koya mata sautin haruffa, sannan ta ba da wannan wasa a yi kaɗan kullum, don ido ya saba bin abu ɗaya cikin hayaniya.

"Yaya, ba magani ba ne, taimako ne kawai," in ji Amarya. "Ai malama ta ce..."

"Malama ta ce, malama ta ce," Gwaggo ta maƙale murya tana karkaɗa kai. "Dis-me ma kika ce? Cutar da ba mai gano ta sai matar uba? Ni fa na ga cikin da kike ja. Hanya kike share wa naki, a bar na wata a dame."

Ana haka Mai Firji ya dawo daga shagonsa na gyaran firji cin abincin rana, hannu duk baƙin mai. Yana son matarsa, ko ƙofa ta buge ta sai ya harari ƙofar. Amma Gwaggo yayarsa ce, ita ta goya shi, kuma ba ta bari ya manta.

"Ƙanina, zaɓi ɗaya. Ko wayar nan ta bar gidan, ko mai wayar."

Ya dubi 'yarsa, ya tuna sakamakon jarabawarta mai jan biro daga sama har ƙasa, ya juya ga matarsa.

"Tsakani da Allah, da ke kika haife ta, za ki yi mata haka?"

Hawaye ya zubo wa Amarya.

"Ki je gida ki huta tukuna," ya ce yana kallon silin.

"To. Abu ɗaya nake roƙo, kar a daina kai ta wurin malama."

Ta shige ɗaki, aka fara jin ƙarar zif ɗin akwati.

"Fasa wayar," in ji Gwaggo. "Ga guduma can a jakarka."

"Bari dai in ga shirmen da ke ciki."

Ya karɓi wayar daga hannun 'yarsa, ya zauna ya danna. Balan-balan suka ɓarke ta ko'ina, manyan yatsunsa na dukan sikirin kamar mai kashe sauro.

"Ja ake taɓawa, ba shuɗi ba," in ji Gwaggo, wadda ta matso ba ta sani ba. "Ga shi can. Kai, wannan hannu naka sai firji."

Wayar ta yi wani kuka, rubutu ya fito. Kafin ya yi tsaki, wani ɗan yatsa ya zuro ta kan kafaɗarsa ya sauka a ƙarƙashin harafin farko.

"Ka... fa-ɗi," in ji 'Yar Lele a hankali. "Sa-ke gwa-da-wa. Baba, ka faɗi. Kai duka kake kallo, ɗaya ake bi."

Mai Firji bai taɓa jin 'yarsa ta haɗa kalma ba tare da kuka ba.

"Haddacewa ta yi," in ji Gwaggo. Ta zazzage jakarta, ta zaro kwalin maganin hawan jininta, ta dangwara wa yarinyar. "Karanta wannan in ke malama ce."

'Yar Lele ta aza yatsa. Ta yi tuntuɓe, ta ce "dayan", ta tsaya, ta koma baya.

"A sha... ba-yan... cin a-bin-ci." Ta ɗago kai. "Gwaggo, ke da kike sha tun ba ki karya ba?"

Gwaggo ta fizge kwalinta.

Mai Firji ya miƙe ya nufi ɗaki. Ya iske Amarya na kokawa da akwati, ya riƙe hannun akwatin, ya bar mata shatin baƙin mai a kai.

"Na yi miki tambayar da bai kamata a yi miki ba. Ki yafe min."

"Ka ɓata min akwati," ta ce tana sharar ido.

"Ai ba inda za shi."

Daga falo muryar Gwaggo ta taso, tana neman takalminta. "Ni dai ban ce na yarda ba. Kuma a rage mata ƙarar abin nan, yana sa ni ciwon kai."

Har yau 'Yar Lele a hankali take karatu, kuma har yau Gwaggo na shigowa da magana a bakinta. Amma ba a sake kiran yarinyar daƙiƙiya a gidan ba, ba a kuma sake tambayar Amarya wa ta haifa ba. Yaron da karatu ya yi wa nauyi, a nema masa hanyar da za ta karɓe shi kafin a yanke masa hukunci. Wanda kuma ya riƙe ɗan wani da gaskiya, ya daure da zargi, yaron ne zai wanke shi da bakinsa.