Lakar Da Ke Cikin Bututu

Ruwa bai gama ɗaukewa ba aka bugo waya Gusau daga caji ofis na Tsafe. An tsinci gawa a gidan abincin Hajiya Lantana, bakin titin Funtuwa. Ranar Juma'a ce da la'asar, cikin daminar 1998.

Sufeto Abdulrahman na sashen binciken manyan laifuka ya ɗauki Saje Victor suka kama hanya. Sufeton mutumin Zariya ne, ba ya son gaggawa, ba ya kuma son a riga shi yanke hukunci. A Tsafe sai ya tarar duk gari an riga shi.

Mamacin sunansa Ɗanjuma, shi ke zuba wa baƙi abinci. Yana kwance bisa tabarma a ɗakin ajiya, babu rauni ko ƙwarzane. Da ruwa ya sauko ya shiga ya ja ƙofa don ya ɗan rintsa, bai sake tashi ba.

A jikin bango akwai wani abu mai tsayin ƙirjin mutum. Akwatin ƙarfe ne mai gilashi a gaba. A ƙasa akwai aljihun garwashi, bisa shi farantin ruwan zafi, kwanukan shinkafa da miya suna zaune cikin ruwan. Bututu ya fita daga bayansa ya ratsa bango.

"Wanga abu shi ya kashe shi," in ji Hajiya Lantana. "Akwatin ɗumi na Iliya mai walda. Tun da anka kawo shi ni hankalina bai kwanta ba."

"Amma kika saya."

"Direbobi sun hi son abinci da zahi. Mi zan yi?"

"Yau kun lura da wani abu daban?"

"Ko kaɗan."

"Wani ya taɓa shi cikin kwanakin nan?"

"Babu wanda ya taɓa shi, ranka shi daɗe."

Ta amsa da sauri, idonta na kan ƙofa. Sufeto ya lura.

Likita ya tabbatar iskar gawayi ce ta kashe Ɗanjuma. Kafin magariba labari ya kai Gusau, 'yan tasha suka nufi shagon Iliya da galan na fetur. Da ƙyar 'yan sanda suka fid da shi ta ƙofar baya.

Sufeto ya same shi a bayan kanta, rigarsa a yage. Iliya ɗan kudancin Kaduna ne, ya daɗe a Gusau yana walda. Akwatin nan shi ya ƙirƙiro shi da kansa: bangon ƙarfe ninki biyu, toka a tsakani don ta riƙe zafi, abinci ya wuni da ɗumi ba tare da ya ƙone ba.

"Akwatinka ya kashe mutum," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, na farkon da na yi a ɗakina na gwada shi. Matata Rut da 'ya'yana suna kwana kusa da shi. Da yana zubo iska a ɗaki, mu za mu fara mutuwa."

"To me ya faru a Tsafe?"

"Ban sani ba. Amma muddin bututu a buɗe yake, iskar waje take fita. Don Allah ku duba bututun."

Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya leƙo ya ce ranar Litinin za a kai Iliya kotu da laifin kisa ta ganganci, gari ya huce. Matan da suka sayi akwatin a Gusau har sun fara jawo nasu waje suna yarwa a kwata. Iliya ya ji haka, ya rufe fuska da hannu. Sufeto ya ji tausayinsa, amma tausayi ba shaida ba ne, kuma ya san haka.

Da sassafe suka koma Tsafe, suka zagaya bayan ɗakin. Bakin bututun yana can sama kusa da indararo. A ƙasa, cikin taɓo, akwai ramuka biyu na ƙafar tsani.

Aka aro tsani, Saje Victor ya hau. "Oga, a toshe yake."

Ya sauko ya zura sanda ta cikin ɗaki ya tura, sai ga dunƙulen laka ya faɗo, ja, mai tauri kamar gutsuren tukunya. Zafin bututu ya gasa shi.

Hajiya Lantana ta matso ta duba. "Zanzaro na. Da damina ko'ina gida sukai."

"Zanzaron Tsafe da tsani yake hawa?" in ji Sufeto.

Ya juya dunƙulen a tafinsa. Bai tsage ko'ina ba. Ya ɓantari gefe, sai ga siraran gashi a ciki. A fuskar da ta kalli waje an danna babban yatsa an shafe ta sumul, ga shatin yatsan, wani layi ya raba shi biyu.

A tsakar gidan akwai tsohon murhun laka mai baki da yawa, inda a da ake jera tukwane bisa garwashi don kada abinci ya huce. Yanzu kaji ne ke kwana a ciki. Sufeto ya tsuguna ya ɓantari gefensa. Ja ne, da gashi a ciki. A kan kowane baki akwai shatin babban yatsa.

Ya kira Maijidda, matar da ke dafa abinci. "Wa ya gina wannan?"

"Lawali na Bunguɗu. Duk masu abinci na hanyar ga shi ka yi musu. Shi kaɗai ka kwaɓa laka da makuba da gashin akuya, shi ya sa nashi ba ya tsagewa."

"Yaushe rabon ki da ganinsa?"

Maijidda ta kalli uwar ɗakinta, ta kalli ƙasa. "Alhamis da marece ya zo. Ya ce ya ga ruwa ya ci bangon baya, bari shi liƙe muna kyauta."

Sufeto ya juya ga Hajiya Lantana. "Kin ce ba wanda ya taɓa akwatin."

Ta zauna bisa turmi. Ta ce tun safiyar Juma'a ma'aikata suke kukan ciwon kai, shinkafa tana warin gawayi. Maijidda ta ce a kashe wutar. Ita ta hana, saboda rana ce ta ciniki. Tsoron a ce da hannunta ya sa ta yi shiru a kan komai.

"Za ki maimaita wannan a ofis," in ji Sufeto. "Ina zan sami Lawali?"

"Wurin zaman makoki," in ji Maijidda. "Matar Ɗanjuma, Huseina, ƙanwa tai ce. Ciki ɗaya."

Sufeto ya daɗe yana kallon dunƙulen kafin ya sa shi a aljihu.

A Bunguɗu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Lawali ne a tsakiya yana karɓar gaisuwa, dogo, idanunsa sun yi ja. Sufeto ya yi ta'aziyya kamar kowa, aka shafa fatiha, sannan ya nemi su shiga zaure.

"Malam Lawali, yaushe ka je Tsafe?"

"Tun bazara ban taka ba. Mi zan je yi? Ba su bukata ta yanzu, sun samu na ƙarhe."

"Ka san akwatin Iliya?"

"Kowa ya san shi. Ga abin da ya jawo muna nan."

"An ce zanzaro ne ya toshe bututun."

"To, ikon Allah."

Sufeto ya fito da dunƙulen ya ajiye a tsakaninsu, ya ajiye ɓantaren murhu kusa da shi.

"Wanda ya yi wannan da ya cusa tsumma, da ba mu san ko wane ne ba. Da ya ɗebi taɓon bayan ɗaki, da ya bushe ya tsage, iska ta sami hanya, da Ɗanjuma yana raye. Amma da lakarsa ya zo. Hannunsa bai iya aikin banza ba, har sai da ya shafe ya sa yatsa. Miƙo hannunka na dama."

Lawali bai motsa ba. Saje Victor ya kama hannun ya buɗe. Tsohon tabon yanka ya raba babban yatsan biyu. Sufeto ya ɗora shi kan shatin, ya zauna daram.

Daga cikin gida ana jin kukan mata ƙasa-ƙasa.

"Abinci ni so ya yi wari," in ji Lawali a hankali. "Direbobi su yi tir, Hajiya ta hid da akwatin waje, sauran mata su ji. Tun kakana murhu muka gina wa mutane. Cikin damina guda wanga mutum ya maishe ni abin tausai. Wallahi ban san Ɗanjuma na kwana ɗakin ba."

"Da ka ji an kama Iliya fa? An tafi shagonsa da fetur."

"Na ji."

"Kuma ka zauna kana karɓar gaisuwa."

Lawali ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Saje Victor ya fito da ankwa.

Sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Wata mace ce tsaye cikin mayafin takaba, da ƙwaryar ruwa da ta kawo wa baƙi. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin.

"Huseina," in ji Lawali.

Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a gaban Sufeto, ta miƙe.

"Ranka shi daɗe, ku sallami bawan Allah da kunka kulle," ta ce. "Shina da mata."

Ta juya ta shige. Har aka fita da yayanta ta gaban masu makoki, aka sa shi a mota, ba ta sake leƙowa ba.