Motar da Injiniya Ya Kushe

Ranar da aka kawo sabuwar ƙaramar motar nan shagon sayar da motoci, Injiniya ya je ne musamman don ya kushe ta. Bakanike ne, abokansa na ƙungiyar masoya motoci ne suka laƙaba masa Injiniya saboda iya tsara bayani. Ya zagaya ta sau biyu yana taɓe baki. Bayanta a datse, tayoyinta ƙanana, ga araha kamar ba mota ba.

"Malam, da ido kake tuƙi?"

Ya waiwaya. Budurwar da ke sayar da motocin ce, riƙe da makulli, ba ko murmushi.

"Shiga ka ja ta, sai ka taɓe bakin da hujja."

Ya ja ta, tana zaune a gefensa. Da suka dawo bai san abin da ya fi rikita shi ba, yadda motar ke shan kwana ko yadda mai makullin ke hararar sa. Ya karɓi lambarta wai zai yi tambaya kan shan mai. Wata uku cur bawan Allah yana tambaya kan shan mai.

Auta ake ce mata a gida, kuma ta kama zuciyarsa kamun da ba ya ko son kuɓuta.

"Zumata, yau na kasa aiki. Noti ɗaya na ɗaure sau uku," ya rubuta mata.

Ta amsa: "To ajiye sifana ka zo ka gaida Baba, Injiniyana. Na gaji da ɓoye-ɓoye."

Nan fa matsalar take. Baban Auta shi ne shugaban ƙungiyarsu, tsohon direba da ya shekara talatin yana jan manyan motoci, kowa kuma ya san motar da ba ta da dogon gaba ba ta burge shi. Ga wani ɗan ƙungiya da ake kira Mai Jif, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidan da niyyar da ba ta ɓuya ba.

Duk Asabar suna taruwa a filin bayan gareji, a buɗe bonet a yi ta musu. Ranar kuwa zancen ƙaramar motar ake yi.

"Akwatin ashana ce!" in ji Mai Jif, aka kwashe da dariya.

Baba ya juyo. "Injiniya, an ce ka ja ta. Me ka gani?"

Injiniya ya dubi surukin da yake mafarki, ya dubi jif ɗin da ke ƙyalli, sai tsoro ya yi magana a madadinsa.

"Ranka ya daɗe, gwangwani ce. Ba ta kai a kira ta mota ba."

Mai Jif bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya ɗauki maganar a bidiyo ya tura wa Auta. Kafin la'asar saƙonta ya iso:

"Ni ka ce min ba ka taɓa jan mota mai biyayya kamarta ba. Wanne ne gaskiya? Sauran abubuwan da ka faɗa min fa?"

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya je shago, aka ce tana tare da mai saye. Ya koma gareji ya kasa zama, ya kasa tsayuwa, har ya zuba wa motar wani baƙin mai ya manta bai rufe murfi ba. A cikin wannan ruɗu ya roƙi kawunsa ya je neman izini wurin Baba, ko abin zai gyaru ta sama.

Kawu ya dawo fuska ba walwala. "Ya ce shi bai ƙi marar jif ba. Mai baki biyu ya ƙi."

Maganar ta yi masa ciwo, don ya san bai da abin kare kansa.

Asabar ta gaba ya aro irin ƙaramar motar wurin wani da yake yi wa gyara, ya faka ta a tsakiyar filin, gefen jif. Ya fito ya tsaya gaban Baba.

"Baba, makon jiya ƙarya na yi. Motar nan birkinta na kamawa, ba ta shan mai, a cunkoso kuma ba ta da na biyu. Tana da aibi. Kujerar baya a matse take, in ta ɗauki mutum biyar tana nishi a tudu. Amma mota ce. Na kushe ta ne don ina tsoron ka hana ni Auta."

"Soyayya ta lalata mana injiniya!" Mai Jif ya faɗa yana tafa hannu.

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi Injiniya.

"Ka manta ɗaya," ya ce. "In gudunta ya wuce tamanin, iska na yi mata fito ta gilashin direba."

Ashe tun makon da aka kawo ta tsohon ya ja ta a ɓoye, ya kuma san kunnen bakanike ba zai kasa jin lafiyar injinta ba.

"Wanda zai tsara ni kan mota, gobe zai tsara ni kan 'yata. Yau ka faɗi daɗinta da ɗacinta. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Auta ta ja masa rai kwana huɗu kafin ta rubuto:

"Na huce, abin ƙaunata. Amma ko girkina ne bai yi ba, a fuskata za ka faɗa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa a na angon.

"Ga ta nan. Ita ma tana da aibinta, kai ma haka, ku riƙa faɗa wa juna gaskiya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Auta na kuka, Injiniya na share nasa hawayen, suka ce amin tare.