Tabarau na Ƙahon Sa

"Ba zan mayar masa ba, Baba," in ji Hafiza.

Malam Sale ya dubi 'yarsa, ya dubi tabarau ɗin da ke hannunta. Duk Gazawa an san cewa mayar da kyautar saurayi sallama ce.

A kasuwar Cadawa abin ya faro. Ta taso daga lakol inda take koyarwa, rana ta hana ta buɗe ido, sai ta tsaya gaban teburin wani saurayi, Tahiru. Ƙahon shanu yake saya wurin mahauta, ya gasa a garwashi har ya yi laushi, ya danne shi ya miƙe, ya yanka, ya goge, sannan ya sa baƙin gilashi.

"Malama, kowace fuska da awonta," ya ce. Bai kai hannu fuskarta ba. Ya tsaga kaba ya miƙa mata. "Daga kunne zuwa karan hanci. Ki sa farce inda ta tsaya."

"In na yi kuskure fa?"

"Sai ki dawo kasuwa mai zuwa. Allah Ya sa ki yi."

Ta dawo. Da ta tambayi kuɗi, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Rabi'u, mai fataucin kaya daga Katsina, ya taɓa kawo mata tabarau na manyan kantuna, mai suna rubuce da ruwan zinari, ta ƙi karɓa. Shi ya baza a gari cewa ya ga Tahiru riƙe da fuskarta hannu bibbiyu.

"A tsakiyar kasuwa," in ji Malam Sale. "Mai warin ƙaho, abokin zaman mahauta. Abin da na kai ki lakol ki samo ke nan?"

"Ƙarya aka yi mana, Baba. In na mayar, na yarda ke nan an yi."

"To ki zaɓa. Gidana ko shi."

Ta haɗa kayanta ta koma wurin Gwaggo Fadila, yayar mahaifinta. Damina ta zo ta wuce. Mata na yin shiru in ta iso rijiya. Ita kuwa kullum da safe sai ta sa tabarau ɗinta, ta bi ta gabansu.

Ran nan saƙon Tahiru ya shigo salularta: "Malamata, na sami mai ba ni babur in yi kabu-kabu. Zan bar ƙaho, ko Baba zai huce."

Ta amsa: "In ka bari, wa zan aura? Mai ƙahona nake so. Koma bakin garwashinka."

Gwaggo ta hau mota zuwa Cadawa ba ta gaya wa kowa ba. Da ta dawo, gidan ƙanenta ta nufa.

"Sale, na je kamar mai saye. Ni da ba haƙora ma, kaba ya miƙo mini. Na zauna har la'asar, ban ga ya taɓa mace ba."

"Na ji, Yaya. Amma a gabana ta ce a'a." Ya juya kai. "Tijjani ya ɗaura. Ni ba ni zuwa."

Baffa Tijjani, ƙanensa, shi ya ba da auren bayan an girbe hatsi. Da aka kai amarya, Gwaggo ta dafa kan Hafiza.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku masu yi muku biyayya."

"Waɗanda suka fi uwarsu jin magana," in ji Tahiru daga bakin ƙofa. Hafiza ta yi dariya, hawaye na zuba.

Suna zaune lafiya har yau. Kowace Juma'a Hafiza tana zuwa gidansu ta durƙusa ta gai da mahaifinta. Yana amsawa kamar yadda ake amsa wa baƙuwa. Ta sami mijin da ta zaɓa, ba ta kuwa yi nadama ba, amma tun ranar da ta ce ba za ta mayar ba, Malam Sale bai sake kiran sunanta ba.