Ta Cika Masa Finjali

Ranar da Nawwaf ya fara ganinta, in har za a kira wannan gani, ya shigo kasuwar Zal ne da ayarin baƙi a bayansa, duk sun yi laushi. Tun hantsi yake yawo da su a Riyad. Ya kai su tsohuwar fadar Masmak, ya bi da su layin masu darduma, ya taya su ciniki har muryarsa ta soma dishewa. Aikinsa ke nan, zagayawa da baƙi, kuma Allah ya yi shi da bakin da ba ya hutawa.

Yunwa ce ta tsayar da su a wata 'yar rumfa bayan layin masu turare, inda ƙamshin soyayyar albasa ya danne na turaren wuta.

Mai rumfar tana cikin baƙar abaya da niƙabi, ido kawai ake gani. Ta zuba wa kowa jarish, alkamar nan da ake dafawa da nono har ta narke, ta barbaɗa albasa da garin busasshen lemo a kai. Baƙi suka duƙufa. Nawwaf kuwa ya jingina da teburinta ya shiga yi musu bayanin yadda ake dafa shi, shi da ko ƙwai bai taɓa soyawa ba.

Ta ƙyale shi ya yi nisa. Sannan ta ɗauki butar gahawa, ta zuba wa baƙin ɗan kaɗan a gindin finjali, yadda ake yi wa wanda ake so ya zauna a yi ta ƙara masa. Da ta zo kansa sai ta cika finjalin maƙil, har yana neman zuba. Ko yaro a Riyad ya san ma'anar wannan: sha ka ba mu wuri.

"Haba 'yar mutane," in ji Nawwaf, "laifin me na yi?"

"Ka tare min gaban rumfa, kuma ka ce da madarar gwangwani ake yin abincin kakata. Sha ka ƙara gaba, Aku."

Ya sha, ya ƙone harshe, ya tafi yana waiwaye har ya yi karo da tarin darduma.

Daga ranar, duk hanyar da ya ɗauko da baƙi, a rumfar nan take ƙarewa. Ko turare suka zo saye, ko alkyabba, ko tsofaffin takubba, sai ya ce musu wanda bai ci jarish ba bai zo Riyad ba.

Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Wata rana ta cika masa finjali ta wanke shi tas, washegari kuma ta zuba masa kaɗan cikin ladabi, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa." Ya yi ta lissafi a ransa ko fushi ne, ko kunya, ko ja masa rai ake yi. Abin da ya ba shi mamaki da kansa shi ne, ranar ladabi yakan koma gida jiki a sanyaye, ranar kora kuwa yana tuƙi yana waƙa.

A jikin rumfar akwai lambar waya ta masu odar abinci. Da ita ya fake, ya riƙa tura saƙo.

"Salam. Gobe ina da baƙi, a ajiye mana jarish. A kuma ajiye min finjalina, Mai Korata."

"Jarish akwai. Finjali kuma sai ka rage surutu, Aku."

Wani yammaci kuma, ba tare da ya rubuta komai ba, saƙo ya shigo:

"Yau da ba ka zo ba, rumfar ta yi shiru da yawa. Allah ya sa lafiya."

Nawwaf ya karanta shi har ya haddace. Sonta ya kama shi sosai, irin wanda yake sa mutum ya wuce kwanar gidansu bai sani ba.

Sai dai akwai Fahhad, mai shagon turaren da ke kallon rumfar. Duk sa'ad da Nawwaf ya daɗe a tsaye, sai Fahhad ya fito da kaskon turare yana kaɗa masa hayaƙi a fuska, yadda ake yi wa baƙo in lokacin tashi ya yi. Ran nan dai ya tare shi a bakin shago.

"Malam jagora, ka fita hanyar babbar. Na riga ka."

"Babbar me?"

"Babbar 'yar Abu Sattam mana, ta rumfar jarish."

Nawwaf ya yi tsaye baki buɗe. "Su nawa ne?"

"Kai, wai da gaske kake? Su biyu ne. Karɓa-karɓa suke yi, yau wannan gobe waccan. Kana zagayawa da mutane gari, ba ka san wa ke zuba maka gahawa ba?"

Nawwaf ya ja da baya. Ya zauna a kan buhun wani mai kayan ƙamshi. To wacce yake so? Mai korar dai, wannan ya sani. Amma ita ce babba ko ƙarama? Wa ke rubuta masa saƙo, tunda wayar ta rumfa ce? Sunanta ma bai sani ba, don namiji mai mutunci ba ya tsayawa a kasuwa ya tambayi 'yar mutane sunanta. Ya ciro waya ya rubuta.

"Don Allah, da wa nake magana?"

"Da mai jarish."

"Wacce daga ciki?"

"Kai da ka san tarihin kowane bango a Riyad, gano mana."

Ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya kai ƙara wurin mahaifiyarsa. Ummu Nawwaf ta ajiye carbinta ta dube shi.

"Yarinyar da ke tsaye a kasuwa? To, ya sunanta?"

"Ban sani ba, Yumma," in ji shi, yadda suke kiran uwa a can.

"Ka ga fuskarta?"

"A'a."

"To me ka sani?"

"Tana cika min finjali."

"Wato korarka take yi. Ɗana, rana ce ta buge ka a wurin yawon nan?"

Ta ce ba inda za ta. Nawwaf bai yi musu ba, ya dai riƙa kawo mata jarish a kwano yana ajiyewa. Ba a daɗe ba ya same ta tana suɗe cokali, ta ce, ai zuwa ganin mutane ba laifi ba ne.

Ta je, ta dawo, ta cire mayafi ta zauna tana fifita.

"Sunansu Lulwa da Wadha. Lulwa ce babba. Tsayi ɗaya, ido ɗaya, kuma a gabana kowacce kamar ba ta iya kashe ƙuda ba."

"Ba ki tambaya wacce ke cika finjali ba?"

"In shiga gidan mutane in ce wacece marar kunyar a cikin 'ya'yanku? Kai ma dai."

Sannan ta faɗa masa sharaɗin uban. Abu Sattam ya ce shi a son ransa babba ce za ta fara tafiya. Ya ce 'ya'yansa ba dardumar kasuwa ba ne da za a shimfiɗa biyu a zaɓa. Ranar gani, wato ranar da ake barin mai nema ya ga fuskar yarinya, ɗaya ce za ta fito, sau ɗaya. In Nawwaf ya ce a'a, ƙofar gidan ta rufe masa, kada ya dawo neman ɗayar. Kuma tunda magana ta shigo gida, ya hana su duka biyun zuwa rumfa.

Nawwaf ya ruga ga waya, ita kaɗai ta rage masa.

"Mai Korata, hasken idona, ki taimake ni. Ke ce za ki fito? Ko harafin farko na sunanki ki ba ni. Wallahi na kasa cin abinci."

Amsa ta zo nan take:

"Jarish ya ƙare. Wayar tana hannuna. Abu Sattam."

Ya kifa wayar a kan kujera, ya ji kamar ya haƙa rami ya shige.

Ranar gani, bayan la'asar, ya sa sabuwar farar riga, ya gyara rawanin kansa ya fi a ƙirga. Mahaifiyarsa ta wuce wajen mata, shi kuma aka kai shi ɗakin baƙi. Abu Sattam dattijo ne mai gemu ja da lalle, ba ya yawan magana. Ya miƙa masa dabino, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka fara cin abinci yanzu?"

"Na fara, Baffa, Allah ya ja kwana," in ji Nawwaf.

Ƙofa ta buɗe. Yarinya ta shigo da butar gahawa, fuska a buɗe.

Kyakkyawa ce, wannan ba musu. Amma Nawwaf ya dubi hanci, ya dubi baki, ya dubi haɓa, duk baƙinsa ne, bai taɓa haɗuwa da su ba. Abu ɗaya da ya sani a jikinta shi ne ido, shi kuma ta sunkuyar da shi ƙasa don kunya. An buɗe masa komai an rufe masa abin da ya zo nema.

Ya ce bari ya ji murya. "Sannu da aiki. Kuna lafiya?"

Ta gyaɗa kai kawai.

"Ya... ya rumfa?"

Ta sake gyaɗa kai.

Ya shiga lissafi. In ya ce e, alhali ba mai korarsa ba ce, ya zama mijin 'yar'uwar wadda yake so har abada. In ya ce a'a, alhali ita ce, ya kori kansa da bakinsa. 

"To, ɗana, ka gani," in ji Abu Sattam. "Ke, zuba wa baƙo, ki koma ciki."

Ta ɗauki finjali da hannun dama, ta karkata butar. Gahawa ta rufe gindin finjalin, inda ya kamata ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Ta kai rabi, ta wuce, ta cika shi maƙil har ɗigo ya sauka a kan darduma. Ta miƙa masa, kanta a ƙasa.

"Wadha!" Abu Sattam ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi jawur. "A gidana? A gabana?" Ya juya ga Nawwaf, murya a raunane. "Ɗana, ka yi haƙuri. Yarinya ta ba da amsarta, ko da yake ba haka na tarbiyyantar da ita ba. Allah ya haɗa ka da rabonka."

Nawwaf kuwa dariya ce ta kufce masa, har da ƙwalla. Ya karɓi finjalin ya shanye a tashi ɗaya, ya ƙone harshe, ya miƙa mata. Bai girgiza shi ba, yadda baƙo ke yi a can don nuna ya ƙoshi.

"Ƙara min."

Ta ƙara, ta sake cikawa. A nan ne ta ɗago ido, ya kuwa gane su.

Abu Sattam ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Kai, an kore ka kana murna?"

"Baffa, wannan korar na zo nema. Ita ce. Ina so, wallahi ina so."

"Ke kuma fa? Kina son sa ko ba kya son sa?"

"Yuba, surutu ne da shi kamar aku," in ji Wadha ga mahaifinta, ta ajiye butar ta ruga ciki. Daga bayan ƙofa aka ji mata sun fashe da dariya, muryar Ummu Nawwaf a sama da ta kowa.

Dattijon ya koma ya zauna a hankali. "Ni fa ban gane komai ba. Uwarsu ta ce min babbar tana jiran wani mai turare, ƙaramar kuma ga abin da ta yi. To wannan e ce ko a'a?"

"E ce, Baffa."

"To Allah ya sa haka ne. Ci dabino."

Da sanyi ya shigo aka ɗaura aure biyu rana ɗaya, na Lulwa da Fahhad aka fara, don ran Abu Sattam ya kwanta. Fahhad ya rungume Nawwaf ya ba shi kyautar turare mai tsada, ya roƙe shi ya yafe masa hayaƙin da ya sha kaɗa masa. Aka ci shinkafa da naman rago, aka kawo jarish tukunya-tukunya, maza suka yi rawar takobi har rawanin Nawwaf ya faɗi.

Washegari da safe, a gidansu, Nawwaf ya tambayi amaryarsa abin da ya daɗe yana cin sa.

"Mai Korata, saƙon nan na cewa rumfa ta yi shiru, ke kika rubuta?"

"Ni na ji shi, Lulwa ta rubuta. Ni ban iya zaƙin baki ba. Amma duk inda ka ga zagi, nawa ne."

Ta ɗauko butar gahawa, ta zuba masa ɗan kaɗan a gindin finjali, ta miƙa. Nawwaf ya leƙa ciki, ya dube ta.

"Tsaya. Ke wacce ce?"

Wadha ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta zauna kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Ni ce, Akuna. Yanzu so nake ka zauna."

Ya sha, ya miƙa, ta ƙara masa ɗan kaɗan. Har rana ta take bai girgiza finjalin ba. Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkace su da zuri'a ɗayyiba, ya sa butarsu kada ta huce.