Rawar da Aka Yanke

"Zinariya, wa ya gaya miki sun yi rawa?"

Ɗaso ce ta jefo tambayar.

Matan unguwar Jarwal ta Makka ne cike da falon Hajiya Khadijatu, don a shekarar 1968 gidanta kaɗai ke da talabijin a layin. Ana nuna wani dogon wasa na ƙasar Rasha, labarin 'ya'yan sarauta da yaƙi ya tarwatsa. Wasan kuwa duk a guntule yake. Budurwa za ta shiga ɗakin biki, kafin ka ƙifta ido sai ga sojoji a kan dawakai. Duk inda mace da namiji suka matso kusa, an sa almakashi.

Mai almakashin kuwa Mukhtaru ne, ɗan Hajiya, da ke aiki a gidan talabijin a Jidda. Duk Juma'ar da ya zo gida sai ya tsaya inda Zinariya ke taya innarta sayar da ƙosai, ya ba ta labarin abin da ya yanke. "Zinariyata" yake ce mata. Ya yi alkawarin bayan aikin hajji zai gaya wa mahaifiyarsa, ya aure ta, ta samu igama, don ita da innarta ba su da takardar zama.

Ran nan da mata suka rikice kan dalilin da saurayin wasan ya fasa aure, daɗin labari ya kwashi Zinariya. Ta zayyana musu rawar, da riƙe hannu, da yadda wani ya hure wa budurwar kunne alhali saurayinta yana nesa.

Ɗaso 'yar ƙanwar Hajiya ce, ta daɗe tana ɗinka wa kanta kayan auren Mukhtaru a zuci. Cikin sanyin murya ta ce abin da aka yanke ai mutum biyu ne suka san shi: mai yankewa, da mai zuwa sinimar ɓoye a Jidda.

Hajiya ta kashe talabijin, ta ƙwala wa ɗanta kira. Ya zo ya tsaya bayan labule.

"Ya waladi, ɗana, kai ne kake tsayawa da 'yar mutane kana gaya mata irin wannan?"

Zinariya ta zuba wa ƙafafunsa ido ta ƙasan labulen. Fatanta ya ce e kawai, ta sha kunyar yini guda, a wuce wurin...

"Umma, ni gaisuwa ce kawai tsakanina da ita."

Ba wanda ya kori Zinariya. Matar da ke kusa da ita dai ta janye 'yarta gefe.

Kafin wata ya mutu, sunanta ya koma 'yar sinima. Mata suka daina aiko sayen ƙosai, mai gidan haya ya fara tambayar takarda. Zama ya gagare su, ita da innarta. Suka tattara komatsansu suka koma wani ɗan ɗaki a unguwar Hindawiyya.

Can Mukhtaru ya same ta bayan hajji, duk ya rame. Ya ce tsoro ya ji, in maganar ta kai wurin aiki korarsa za a yi, ga kuma idon Umma. Ya ce yau ɗin nan zai faɗi gaskiya a gaban kowa.

"Zinariyata, ki yafe mini..."

"Na yafe maka, Mukhtaru. Je ka faɗa musu, ko don Inna ta iya ɗaga kai a Jarwal."

"Mu kuma fa?"

"Ina zaune a gabanka ka ce ba ka san ni ba. In na aure ka, duk ranar da Umma ta kira ka gabana zai faɗi."

Ya daɗe a tsaye yana jiran ta ɗago, ba ta ɗago ba. Sai da ya sha kwana ta shige ɗaki ta kifa kai a cinyar innarta, ta yi kuka mai isarta, don har ga Allah tana son sa.