Gefen Hagu na Gadon Baba

Ranar da suka fara haɗuwa, amai take yi a bayan ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Ɗalibar aikin jinya ce, amma har yanzu yawun wani yana juya mata ciki.

"Ga ruwa," in ji wani saurayi mai kwandon abinci. "Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Tsohon can na bakin taga. Abinci na kwaso daga kuncinsa, ya daɗe a ciki har ya yi tsami."

"Allah sarki. Babana ne."

Ji ta yi kamar ta nutse. Shi kuwa dariya ya yi, ya miƙa mata minti. Tun daga nan yake kiranta Minti, ita kuma ta ajiye lambarsa da sunan Mai Kwando.

Shanyewar iri biyu ce, haka Sista ta koya musu: ko gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. Ta Baba toshewa ce, a ɓarin dama, sai ta taɓa masa hagun jiki. Maganarsa na fita, amma duk abin da ke hagunsa bai san da shi ba. Rabin faranti yake ci, ya ce an yi masa rowa. Hannunsa na hagu ma cewa yake na wani ne, a zo a ɗauke.

Ƙazantar duk a hagun take: yawu mai dalala, abinci mai maƙalewa a kunci, hannun da ya dunƙule yana warin gumi. Minti ta ji daɗin haka. A nan za ta yi aikinta, ta yamutsa fuska son ranta, Baba bai gani ba. Doguwa, 'yar ajinsu, ita ta riƙe dama. Tana gyara filo, tana "Sannu Baba", tana satar kallon Mai Kwando.

"Minti tawa, yau sau nawa kika yi amai?" ya rubuto mata.

"Sau ɗaya. Kaki ne. Kar ka tuna min, abinci nake ci."

"Kuma gobe za ki koma?"

"In ban koma ba wa zai buɗe masa hannun nan ya wanke?"

Bayan an sallami Baba, Mai Kwando ya kai maganarta gida. Mama ta ajiye cokali.

"Wannan mai toshe hanci? Ina kallon ta. Mijina take goge wa baki kamar ta taɓa mushe."

"Wace Minti?" in ji Baba. "Ni nas ɗaya na sani, doguwar nan mai fara'a. Ita za ka nema."

Saƙon da ya turo gajere ne: "Baba ya ce bai taɓa ganin ki ba. In bai yarda ba, ban san yadda zan yi ba."

Ta yi kuka, ta yi fushi. Sai da fushin ya sauka ta tuna ita ta zaɓi tsayuwa a hagun da Baba ba ya gani.

Ranar hutu ta je gidan. Falon na warin man zafi da fitsarin da aka goge da gaggawa. Ta durƙusa ta gaishe da Mama, sannan ta ja kujera zuwa daman Baba, daidai idonsa.

"Ina wuni, Baba. Hannunka na zo gani."

Ta miƙa ta ɗauko hannun hagun ta ɗora a cinyarsa, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tafin ya jiƙe, ya yi fari, wari ya buso. Fuskarta ta yamutse, ba inda za ta ɓoye ta. Ta roƙi ruwan ɗumi, ta wanke, ta tsane tsakanin yatsun. Sannan ta sa yatsa da ƙyalle ta share kuncin.

Baba ya ƙura mata ido.

"Kin ji wari ko?"

"Na ji, Baba."

"Ni ma ina ji. Kowa a gidan nan ce min yake ba komai." Ya juya ga matarsa. "Tun da muka dawo wa ya buɗe hannun nan?"

Mama ta sunkuyar da kai. "Tsoro nake in karya shi."

"Ba ya karyewa, Mama. A hankali ne. Kawo hannunki ki gani."

Mama ta matso. Tana buɗe yatsun ta kau da kai, ta toshe hanci da mayafi. Suka haɗa ido da Minti, dariya ta ƙwace musu.

"Kai," Baba ya kira ɗansa, "mai ƙyamar nan za ka kawo min. Allah ya yi muku albarka."

Ranar aurensu Mai Kwando ya turo Baba a keken guragu cikin taro, aljihunsa cike da minti. Yawu ya zubo wa Baba a kan sabuwar riga. Amarya ta yamutsa fuska, ta zaro hankici, ta zagayo ta damansa.